Tsaka ta mayar da jelarta, gyambon Baba ya ƙi rufewa

Nura Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa. Mahaifinmu yana fama da ciwon suga shekara 11 ke nan. Wata 7 da suka wuce ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, bai ma ji ba, sai da ƙanwata ta ga jini a silifas ɗinsa. Har yau wurin bai rufe ba, ya zama gyambo. Jiya da dare ina zaune a tsakar gida ina wannan tunani, sai ga wata tsaka a bango da sabuwar jela, wadda na san yaranmu ne suka gutsire mata tsohuwar. Na ce ikon Allah, tsaka ta mayar da jela sukutum, shi kuwa Baba rami kamar kwabo ya gagara. Na kuma ga wani bidiyo ana cewa masana sun fara karanta ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya don su gano sirrin wannan abu. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina aka kwana?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin masu abin su iso bari in share fage, don wannan kalma ta "ƙwayar halitta" tana haɗa mana abu biyu wuri guda, har a aji ina shan fama da ita. A wannan hira mu ce "ƙwayar jiki" ga ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, mu ce "ƙwayar gado" ga umarnin da ke rubuce cikin DNA. Babban mutum yana da ƙwayoyin jiki wajen tiriliyan 30 ko fiye. Ƙwayoyin gado masu ba da umarnin haɗa furotin kuwa wajen 20,000 ne kawai, kuma in ban da jajayen ƙwayoyin jini da suka zubar da nasu, kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da kwafin littafin gaba ɗaya.

Sai maganar tsaka. Kada ta burge ka da yawa, Nura. Jelar da tsaka ko kadangare ke mayarwa ba irin ta asali ba ce. Babu ƙashin baya a cikinta, guringuntsi ne guda ɗaya miƙe kamar bututu. Ka lura da kyau, ko launinta yakan bambanta.

Sista Talatu:
Malam a gafarce ni, zan katse. Nura, kafin a shiga duniyar kadangaru: gyambon yana wari? Gefensa ya yi baƙi? Baba yana zazzaɓi? Yana takawa a kansa? Wa ke wanke shi?

Nura Gwammaja:
Anti Talatu, wari kaɗan-kaɗan, ba zazzaɓi. Yana takawa, har masallaci yake zuwa sau biyar. Wani mai kemis ne a layinmu ke wankewa duk bayan kwana biyu.

Sista Talatu:
To ka ji inda gizo ke saƙar. Ciwon da ake takawa a kansa kullum ba ya rufewa ko da wane magani aka sa. A kai shi babban asibiti a wannan mako, a duba ko jini na isa ƙafar, a yi hoto a ga ko ƙashi ya taɓu, a kankare mataccen nama, a daidaita suga, a sauke nauyi daga ƙafar. Shekara 19 ina ɗaure ciwo, ban taɓa ganin wanda binciken ɗakin gwaji ya rufe wa gyambo ba. Ku ci gaba da hirarku, amma wannan shi ne na gaba.

Rabi'atu S.:
Sannunku. Yanzu na fito daga ɗakin gwaji na tarar da wannan hira. Yaya Nura, abin da Anti Talatu ta faɗa shi ne farko, shi ne na biyu, shi ne na uku. Nawa bayanin ba zai canza komai a ƙafar Baba a wannan shekara ba, gara in faɗa tun yanzu.

Amma bidiyon bai yi ƙarya ba, aikin da nake yi ke nan, a kan fatar ɓera. Ku ɗauki makarantar allo. Littafin da ake karantawa ɗaya ne, amma kowane almajiri da wurin da ya rubuta a allonsa yau, gobe ya wanke ya rubuta wani. DNA shi ne littafin. Abin da kowace ƙwayar jiki ta kwafo don aikin da ke gabanta shi ne RNA, shi ne allon. Ƙwayar fata da ƙwayar hanta littafinsu ɗaya, allonsu ne daban.

A da, in muna son sanin abin da ke faruwa a cikin ciwo, sai mu yanki tsoka mu markaɗe mu karanta RNA ɗin duka a haɗe. Kamar ka tsaya a bayan katanga kana jin tashin karatun almajirai ɗari: ka san ana karatu, amma ba ka san wa ke ina ba, kuma in akwai yara uku da ke karanta wani abu daban ba za ka taɓa jin su ba. Sabuwar hanyar ita ce ka shiga ka karɓi allon kowa ka duba.

Malam Habibu:
Madalla da wannan misali, Dakta. Na sace shi, gobe 'yan aji biyar za su ji shi.

Rabi'atu S.:
Malam, ban zama Dakta ba tukuna, saura shekara guda in Allah ya yarda, kada a ja mini baki.

Yadda ake yi a aikace: ana narkar da abin da ya manne ƙwayoyin da juna har su rabu ɗai-ɗai, sai a tura su cikin wata siririyar hanya inda kowace ƙwaya ke faɗawa cikin ɗigon ruwa guda da mai ya kewaye, tare da wani ɗan dutse mai ɗauke da lambar shaida. A cikin ɗigon ƙwayar ke fashewa, RNA ɗinta ya manne da lambar. Daga nan ko an haɗe su duka an karanta, kwamfuta ta san wane allo na wa ne. An fara karanta RNA na ƙwaya guda a 2009 a Kambirij ta Ingila, aikin Fuchou Tang a ɗakin gwajin Azim Surani, wanda haifaffen Kisumu ne a Kenya. A lokacin ƙwayoyi ƙalilan ake iya yi, da hannu. Dabarar ɗigon ta fito a 2015 daga jami'ar Harvard ta Amurka, ita ta sa ake yin dubbai a zama ɗaya.

Bashir Mai Lafiya:
Alhamdu lillahi, ga shi masana da kansu sun tabbatar. Ɗan'uwa Nura, akwai maganin sitem sel da muke kawowa, na sha ne, daga tsirrai aka haɗa shi, yana sabunta ƙwayoyin jiki, yana maganin suga, gyambo, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Ka yi mini magana ta akwatin sirri.

Sista Talatu:
Na san za a rina.

Rabi'atu S.:
Malam Bashir, ban tabbatar da komai ba, kada a jingina mini. Ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar mutum, kuma duk abin da aka haɗiya ciki ne ke narkar da shi kamar yadda yake narkar da tuwo. Abin dariyar ma shi ne, binciken da muke magana a kai ya nuna cewa a dabbar da ta fi kowa iya mayar da gaɓa, ba wasu ƙwayoyi na musamman da aka ajiye a gefe, wato sitem sel ɗin da kake faɗa, ba ne ke yin babban aikin.

Malam Habibu:
Bashir, ka san dokar gidan nan, ba a talla. Wannan gargaɗi na biyu ne. Rabi'atu, ci gaba, wace dabba ce?

Rabi'atu S.:
Aksolotil. Dangin kwaɗi ce mai jela, tana zaune a ruwa, asalinta tafkin Sochimilko da ke birnin Meziko. A can ta kusa ƙarewa, amma ɗakunan gwaji cike suke da ita. In aka yanke mata hannu, cikin makonni zuwa watanni, gwargwadon girmanta, sai ta mayar da shi da ƙashi da tsoka da jijiya da yatsu, ba tabo. Tana gyara lakar baya da wani sashe na zuciya. DNA ɗinta ya ninka namu wajen sau 10, sai a 2018 aka kammala karanta shi.

Abin da aka daɗe da sani shi ne, bayan yankan, fata takan rufe dungulmin da sauri, sai wani tsiro ya taso a ƙarƙashinta kamar toho, ana kiransa bilastima, daga shi sabon hannun ke fitowa. Gardamar da aka shekara da shekaru ana yi ita ce: ƙwayoyin da ke cikin tohon daga ina suke? A 2018 ɗakin gwajin Elly Tanaka da na Barbara Treutlein suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Suka ga manyan ƙwayoyi ne na yau da kullum, irin waɗanda ke saƙa zaren da ke riƙe fata da tsoka. Ni a raina masaƙa nake kiransu, sunansu na boko faiburobilas. Kafin yanka, masaƙan iri-iri ne, kowa da allonsa. Bayan yanka sai duk suka wanke allunansu suka koma rubutu iri ɗaya, mai kama da na ƙwayoyin da ke gina hannu tun dabbar tana cikin ƙwai. Daga nan suka sake rarrabuwa, wasu suka zama guringuntsi da ƙashi, wasu suka koma saƙa.

To ga abin da ke hana ni barci: mu ma muna da masaƙan nan, su ne ke zuwa bakin ciwonmu. Sai dai namu ba sa komawa baya. Zuwa suke su zuba zaren kolajin a jere, da kauri, cikin gaggawa, su ja bakin ciwon ya haɗe. Wannan shi ne tabo.

Isuhu Damagaram:
Barkanku da hira. Ni dai a nan ban gamsu ba. Wannan dabba ta ruwa ce, jininta sanyi, ta rabu da mu nesa. Me ya haɗa kifi da kaska? In da a ce akwai mai shayarwa irinmu da ke yi, sai in ce da magana.

Rabi'atu S.:
Akwai, Malam Isuhu, kuma maƙwabcinku ne. Ɓera mai ƙaya, wanda gashin bayansa ke da tauri, sunansa na kimiyya Acomys. A 2012 Ashley Seifert da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a wasu nau'i biyu da suka kama a Kenya: fatarsu tana yagewa cikin sauƙi in maƙiyi ya cafke su, suna iya rasa har kashi 60 cikin 100 na fatar baya, kuma ta dawo da gashinta. In aka huda musu kunne rami mai faɗin milimita 4, sai ya cike da guringuntsi da fata da gashi. Ɓeran gida kuwa tabo yake yi, ramin ya zauna. Danginsu suna nan a duwatsun Sahel, akwai ma wanda aka raɗa wa suna daga tsaunukan Abzin.

Isuhu Damagaram:
Kai! Wallahi na san shi. Muna yara in muka kama shi ta jela sai fatar jelar ta saɓule ta bar mu da ita a hannu. Ashe abin da Turawa ke nema ne muke jifa da dutse.

Malam Habibu:
Ni wanda ya fi kama hankalina shi ne na barewar ƙasashen ƙanƙara, rendiya, don ya kashe gardamar "ai jinsinsu daban". Wannan dabba kowace shekara ƙahonta ke faɗuwa wani ya fito, lulluɓe da wata fata mai laushi. A Jami'ar Kalgari ta Kanada, ƙungiyar Jeff Biernaskie ta yi rauni iri ɗaya a fatar ƙahon da fatar bayan dabba guda, aka wallafa a 2022. Na ƙahon ya warke da gashi ba tabo, na bayan ya yi tabo irin namu. Jini ɗaya, littafi ɗaya, abinci ɗaya. Da suka duba allunan, masaƙan ƙaho sun yi kama da na ɗan tayin mutum, na baya kuwa a shirye suke su kira sojojin jiki su tayar da kumburi. Rabi'atu, in na yi kuskure ki gyara.

Rabi'atu S.:
Daidai ne Malam. Kuma batun ɗan tayi ba wasa ba ne. Likitocin da ke yi wa jariri tiyata tun yana ciki sun daɗe da lura cewa a farkon watannin ciki fatarsa kan warke ba tabo. Kowannenmu ya taɓa iyawa. Ko bayan haihuwa, ƙaramin yaro in ƙofa ta datse masa kan yatsa, matuƙar gindin farce yana nan, yakan mayar da shi. Wata likita a Shefild ta Ingila, Cynthia Illingworth, ta rubuta haka tun 1974, ta kuma lura cewa in aka ɗinke fata a kan dungulmin, ba ya fitowa.

Ustaz Kabiru:
Ina biye da ku. Tambayata ɗaya: in Allah ya halicce mu da tabo, ba hikima ba ce a ciki? Kada garin neman gira a rasa ido.

Malam Habibu:
Ustaz, masanan ma suna ganin akwai dalili, ko da yake hasashe ne. Dabba mai ɗumin jini ba ta iya kwanciya wata uku ba ci tana jiran hannu ya tsiro, ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta, ga kura a bakin rami. Tabo yana rufe ƙofa da sauri, ko da rufin bai yi kyau ba. Neman magani kuwa ai kai ka fi mu sanin hukuncinsa.

Rabi'atu S.:
Tsoron Ustaz yana da tushe ta wani gefen. Ƙwayar da ta wanke allonta ta koma yarinta tana ta rabuwa, in ba a san yadda za a tsayar da ita ba, sunanta ciwon daji, wato kansa. Aksolotil ta san inda za ta tsaya: in aka yanke a wuyan hannu, tafi da yatsu kawai take mayarwa, ba ta ƙara gwiwar hannu ta biyu. Yadda ƙwayoyinta ke tuna matsayinsu a jiki shi ne abin da ake tonowa yanzu. A 2025 ɗakin Tanaka a Biyana ta ƙasar Ostiriya ya nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna Hand2 ce ke riƙe wa ƙwayoyin ɓangaren ƙaramin yatsa tunanin cewa su na wannan gefen ne. Mu ma muna da Hand2. Amma daga sanin wannan zuwa tsirar da hannun mutum, tafiyar ta fi ta Kano zuwa Makka a ƙasa.

Sista Talatu:
An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas. Rabi'atu ƙanwata, duk na ji: kwaɗo, ɓera, barewa. A ba ni abu ɗaya da ya fito daga wannan karatun allo wanda ya kusa zuwa tiren da nake turawa a ɗakin marasa lafiya.

Rabi'atu S.:
Anti, mafi kusa shi ne na jami'ar Sitanfod ta Amurka, ɗakin Michael Longaker, wanda likitan tiyatar gyaran jiki ne. A 2015 suka nuna cewa a bayan ɓera, masaƙan da suka taɓa kunna wata ƙwayar gado mai suna Engrailed-1 su ne ke zuba yawancin tabo. A 2021 suka gano abin da ke kunna ta a cikin ciwo: ja. Fatar da aka yanka tana ɗamewa, masaƙan suna jin wannan ɗamewar, sai su juya su zama masu tabo. Suka yi allurar wani magani, verteporfin, a bakin ciwon, wanda ke toshe hanyar da saƙon jan ke bi. Fatar ɓerayen ta warke da gashi da ƙofofin maiƙo, da ƙarfi irin na lafiyayyar fata. Maganin ba sabo ba ne, tun shekarar 2000 ake amfani da shi a Amurka don wata cutar ido. Daga baya sun gwada a alade, wanda fatarsa ta fi kama da tamu, sakamakon ya yi kyau. Amma ba a amince da shi a matsayin maganin tabo ba, kada wani ya je nema.

Sista Talatu:
To wannan na yarda da shi, don ya yi daidai da abin da idona ke gani. Tabon ƙirji da na kafaɗa, inda fata ke ɗame, ya fi muni. Tsofaffi masu sakakkiyar fata kuwa ɗinkinsu yakan kwanta lumui. Amma ki lura, wannan maganar tabo ce, ciwon da ya rufe fiye da kima. Na Baban Nura ƙin rufewa ya yi. Ba hanyarsu ɗaya ba.

Rabi'atu S.:
Gaskiyarki, kuma an duba wannan kai tsaye. A 2022 wata ƙungiya a Amurka ƙarƙashin Aristidis Veves da Manoj Bhasin ta karanta ƙwayoyi sama da 170,000 daga masu ciwon suga da marasa shi, ciki har da naman gyambon ƙafa. Suka raba masu gyambon gida biyu: waɗanda nasu ya rufe cikin mako 12 da waɗanda nasu ya ƙi. A cikin masu warkewa suka tarar da wani rukunin masaƙa da ke fitar da sinadaran da ke yanka tsohon zare su share wuri, irin su MMP1 da MMP3, kuma ƙwayoyin garkuwar jiki masu cinye datti suna cikin yanayin faɗa sosai. Wato ciwon da zai warke yana da kumburi mai rai, irin na sabon rauni. Wanda ba zai warke ba ya yi likimo, ba ya gaba ba ya baya.

Sista Talatu:
Ikon Allah. Ai shi ya sa muke kankarewa har sai ya yi jini, mu mayar da tsohon ciwo sabo. 'Yan uwan majiyyaci su yi ta harararmu suna cewa mun ƙara masa girma. Ashe abin da hannu ya sani ne na'ura ta zo ta karanta.

Rabi'atu S.:
Kusan haka. Amfanin da ake fata nan kusa shi ne a ɗauki ɗan naman da kuka kankare a gwada, a san tun makon farko wane gyambo ne zai rufe da kulawar yau da kullum, wane ne ke buƙatar a tashi tsaye, maimakon a jira wata uku a gani.

Maman Ilham:
Don Allah ku ba ni dama ni ma. 'Yata mai shekara 16 ta ƙara huda kunne a sama ba da sanina ba, yanzu wurin ya yi ƙulli kamar goro, yana mata ƙaiƙayi. An yanke sau ɗaya ya dawo ya fi da. Kakarta ta ce jinin gidan ubanta ne, don kawunta ma wurin da wanzami ya yi masa ƙaho duk ya taso. Wannan binciken ya taɓo irin nasu?

Sista Talatu:
Keloyid ke nan, tabon da ke wuce iyakar ciwon ya ci gaba da girma. Kaka ba ta yi ƙarya ba, yana bin dangi, kuma ya fi yawa a masu baƙar fata. Yanka shi kaɗai yawanci dawowa yake. Ku ga likitan fata, akan haɗa da allurar da ake yi a cikin ƙullin da ɗan kunne mai matsewa. Kuma kada ta sake huda ko'ina, har ƙannenta a kula.

Rabi'atu S.:
An taɓo shi. A 2021 wasu masana a Gwanju ta ƙasar Sin suka kwatanta keloyid da tabo na yau da kullum ƙwaya bayan ƙwaya. Suka ga masaƙan fata sun kasu gida huɗu, kuma gida ɗaya, mai ɗabi'a irin ta masu gina ƙashi da guringuntsi, ya yi yawa ƙwarai a keloyid, yana zuba kolajin da wani furotin mai suna periyostin. Wanda ya taɓa latsa keloyid ya ji taurinsa zai ce ba mamaki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, naman da aka yi wannan aikin da shi na 'yan Sin ne. Mu da abin ya fi damu, mu da ke da gyambon idon sawu na masu sikila wanda kan shekara bai rufe ba, namu naman ba kasafai yake isa waɗannan na'urori ba. Akwai babban shirin zana taswirar dukkan ƙwayoyin jikin ɗan Adam da Aviv Regev da Sarah Teichmann suka jagoranci kafawa a 2016, su ma suna ta nanata buƙatar samfura daga kowace nahiya.

Isuhu Damagaram:
To me ya hana a yi a Kano ko Zariya ko Yamai? Kuɗi?

Rabi'atu S.:
Kuɗi na ciki, samfuri guda yana cin daloli masu yawa. Amma babbar matsalar ita ce ƙwayoyin dole su kasance da rai lokacin da za su shiga na'ura. Daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin gwaji sa'o'i kaɗan ne, a kan ƙanƙara, kuma sinadaran suna son sanyin da ba ya yankewa. Ba abin da ya gagara ba ne. Cibiyar Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ita ta fara karanta ƙwayoyin gadon cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020, cikin 'yan kwanaki. In an iya wancan, wannan ma sai niyya da wutar lantarki.

Kuma kada in sayar muku da hanyar kamar ba ta da aibu. Wajen raba ƙwayoyin wasu na mutuwa, wasu kuma firgita suke su rubuta abin da ba shi ne a allonsu ba tun farko. Kaɗan daga RNA ɗin kowace ƙwaya muke kamawa. Sannan da zarar ka raba su ka rasa sanin wa ke zaune kusa da wa, alhali a ciwo maƙwabtaka ita ce komai. Shi ya sa yanzu ake haɗawa da wata hanya da ke karanta RNA a kan siririn yankin nama ba tare da an wargaza shi ba. Da irin wannan haɗin ne wasu masana a Bejin suka nuna a 2025 cewa zomo na cike ramin kunnensa, ɓera ba ya iyawa, saboda ɓera ba ya kunna wata ƙwayar gado, Aldh1a2, yadda ya kamata bayan rauni. Ita ke haɗa wani sinadari daga bitamin A. Da suka kunna ta, ko suka ba da sinadarin, ramin kunnen ɓeran ya cike har da guringuntsi.

Bashir Mai Lafiya:
To ai namu ma akwai bitamin A a ciki.

Malam Habibu:
Na cire Bashir. Wanda ke da lambarsa ya gaya masa ya dawo bayan wata guda in ya bar kayan a gida. Kuma don Allah kada kowa ya je ya ɗura wa kansa bitamin A, yawansa guba ne ga hanta, ga mai ciki kuwa yana lahanta ɗan tayi.

Maman Ilham:
Anti Talatu, zuma fa? Kakar tamu ta dage sai an shafa.

Sista Talatu:
A keloyid ba ta yin komai. A buɗaɗɗen ciwo akwai zumar da aka tace don asibiti, muna amfani da ita wani lokaci. Amma ba ta buɗe jijiyar jinin da ta toshe, ba ta kuma hana mutum taka ƙafarsa.

Nura Gwammaja:
'Yan gida, na dawo da labari bayan kwana 4. Mun kai Baba. An yi hoto, ƙashi bai taɓu ba, alhamdu lillahi. Jini na isa ƙafar, ko da yake likita ya ce ba kamar da ba. Sun kankare wurin, ramin da nake ce wa kwabo ashe a ƙarƙashi ya fi haka faɗi sau biyu, na kusa faɗuwa da na gani. An canza masa maganin suga, an ba shi sanduna, an ce ƙafar kada ta taɓa ƙasa. Rigimar da muke yanzu ta masallaci ce, ya ce shi shekara 40 bai bar jam'i ba. Ustaz, ko za ka kira shi? Maganarka zai fi ji a kan tamu.

Ustaz Kabiru:
Turo mini lambar ta akwatin sirri. Bayan la'asar in sha Allah.

Sista Talatu:
Ka riƙa ɗaukar hoton ciwon duk Juma'a, da rula a gefensa, wuri ɗaya, haske ɗaya. In mako 4 ya wuce bai ragu da kusan rabi ba, ka nuna wa likitan hotunan. Ɗaya ƙafar ma a duba ta kullum, har tsakanin yatsu, a kuma zazzage takalmi kafin ya sa.

Isuhu Damagaram:
Allah ya ƙara sauƙi. Malama Rabi'atu, na yi wa ƙanena da ke Agadas magana, ya ce ɓerayen nan suna nan cikin duwatsu bayan garinsu. In ya kama ɗaya, a ajiye miki ko a ɗauki hoto kawai?

Rabi'atu S.:
Hoto kawai, Malam Isuhu, na baya da na kunne, sannan ya sake shi. Kuma ka ce masa kada ya riƙe shi ta jela.